Goruba a Bakin Nilu

Tun da aka rushe unguwar Karantina a Jidda, Hajiya Zubaidatu ta daina surutu. Wanda bai san ta ba zai ce wannan ai ba wani abu ba ne, amma mu da muka san ta mun san ciwo ne sosai. Mace ce da in ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida da tiren gyaɗarta, ba abin da ke raba ta da hira sai kiran salla. Ta san wanda ya haifi kowa a layin, ta san wanda ya zo umara ya manta hanyar filin jirgi, ta kuma san wadda miyarta ba ta jin gishiri. Sai ga shi wata safiya an shafa jan fenti a bangon gidaje, motocin rusau suka biyo baya, maƙwabtan da aka tsufa tare suka watse. Wasu suka yi Khumra, wasu Makka, wasu har yau ba a san inda suka faɗa ba. Ita kuwa autarta Wejdan ce ta ɗauke ta zuwa wani gidan haya a hawa na uku a Sharafiyya, mai taga ɗaya a falo, ita ma bangon maƙwabci take kallo.

Wejdan ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. A Jidda aka haife ta, kuma Hausarta irin ta yaranmu na nan ce: duk abin da ka faɗa ta ji, amma in za ta mayar maka sai Larabci ya riga Hausar fitowa. Tana son uwarta ƙwarai, sai dai irin son nan ne na mai gaggawa, wanda zai sayo maka magani bai tsaya ya ji inda ke maka ciwo ba. Takan dawo daga aiki ta tarar da tsohuwar a inda ta bar ta, talabijin yana ta magana shi kaɗai, abincin rana ko buɗe shi ba a yi ba. Abin yana cin ranta, ta rasa yadda za ta yi.

Abu ɗaya Hajiya Zubaidatu ta riƙe a hannunta ranar tashi daga Karantina, ta ƙi yarda a sa shi a mota tare da sauran kaya. Wata tsohuwar kwalbar ruwan wardi ce, naɗe cikin farin ƙyalle, cike da Zamzam. Kowace shekara bayan azumi sai ta juye na ciki ta shanye, ta sa a kawo mata sabo daga Makka ta cika. Labarin kwalbar kowa a gidan ya sha jin sa. Tana 'yar shekara bakwai iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa za su aikin hajji ta ƙasa, yau a mota, gobe a ƙafa, jibi a tsaya a yi ƙwadago a gonar wani don a sami guzuri. Da suka iso bakin Nilu sai zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarta, Sajida. Aka ba ta ruwan kogin a ludayi, ta kurɓa, ta ce, "Da ma Zamzam ne." Mijinta ya ce ta yi haƙuri, saura kaɗan su isa. Ba ta wayi gari ba. Aka binne ta a gindin wata goruba mai kai biyu, uban ya dafa kan 'yarsa ya ce in sun sauke farali, a hanyar komawa gida za su tsaya su zuba mata Zamzam a kan kabari. To, ba a koma ba. Jidda ta riƙe uban har ta binne shi, alkawarin ya zauna a wuyan yarinyar, ta yi aure da shi, ta haihu da shi, ta tsufa da shi.

Wejdan ta san labarin yadda yara ke sanin labarin iyaye, wato da rabin kunne. Abin da ya maƙale mata kawai shi ne Nilu. Nilu kuwa a wurinta na Masar ne, haka ta ji a makaranta, haka take gani a fina-finan Misirawa tun tana ƙarama. Bai taɓa zuwa mata a rai ta tambayi a wane gari kakar tata take kwance ba.

Wata rana abokiyar aikinta Areej ta dawo daga hutu da hotuna cike da waya. Wani ƙaramin jirgin ruwa ne na katako mai filafilan zane, ɗakunansa ba su da yawa, yana tafiya a hankali daga Luksor zuwa Aswan, ana ci ana sha ana kallon gaɓa. Wejdan na ganin sunan kogin ta ji ta sami maganin uwarta. Ba ta yi shawara da kowa ba sai da ta gama kama musu ɗaki, sannan ta kira yayanta Turki, wanda yake kula da wani sito a Khumra.

"Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ki ɗora a jirgin ruwa?" in ji shi. "Ki kai ta bakin teku mana, ga shi nan a bayan gida."

"Teku daban, Nilu daban," ta ce. "Halas, magana ta ƙare, na riga na yi."

Da yamma ta zauna kusa da uwar ta nuna mata hoton. Idon Hajiya ya yi rauni, sai da ta kai wayar har bakin hancinta.

"Ummi, za mu Masar ni da ke. Jirgi za mu shiga a kan Nilu."

Tsohuwar ta ɗago kai a hankali. "Nilu? Wanda dai na sani?"

"Nilu ai ɗaya ne, Ummi."

"Jirgin ina zai nufa?"

"Kudu."

"Kudu," in ji Hajiya, kamar tana ɗanɗana kalmar. "To ashe za mu bi ta wajen Inna."

Wejdan ta ga wani haske a fuskar uwarta wanda rabon da ta gan shi tun a Karantina. Daɗi ya ɗebe ta, ta ce, "In sha Allah, har wajen Kaka." Ba ƙarya ta yi niyya ba. Magana ce irin wadda ake faɗa wa tsoho don a faranta masa rai, ta fito ta wuce, ita har ta manta ta faɗa.

Hajiya ba ta manta ba. Washegari ta ci abincinta tas, ta ce a kira mata mai lalle. Ta sa Turki ya kawo mata dabino mai kyau na sadaka. Ta sa aka lalubo mata lambobin tsofaffin maƙwabta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sallama, muryarta har ƙasan bene. "Za ni wajen Inna," take ce musu. "Autata ce za ta kai ni. A yafe mini." Wejdan tana jiyo ta daga kicin tana murmushi, tana ganin ta yi abin kai. Ko da ta ji ana ambaton Inna, ta ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

Jirgin ya fi hotonsa kyau. A sama an yi rumfa an zuba kujeru da matasai, iska tana kaɗa zanen, in iskar ta kwanta sai wani ɗan kwalekwale mai inji ya ja su da igiya. Sauran baƙin 'yan kaɗan ne, Turawa tsofaffi da wasu ango da amarya Misirawa. Ma'aikatan suka ɗauki Hajiya kamar uwarsu, suna ce mata "ya Hajja", suna kawo mata shayi da na'ana'a ba ta tambaya ba. Da aka tsaya a ce kowa ya sauka a je kallon gine-ginen Fir'auna, ta ce ita ba ta baro Jidda don kallon gumaka ba. Ta sa aka ja mata kujera zuwa gaban jirgin, daga sallar asuba har rana ta faɗi tana nan, idonta a kan gaɓa.

Da hantsi a rana ta biyu Wejdan ta hau sama da karin kumallo, ta tarar da farin ƙyallen nan a cinyar uwarta. Ba ta ma san an sako kwalbar a akwati ba. Tana ajiye tire sai tsohuwar ta cafki hannunta.

"Duba mini can. Goruba ce?"

Goruba ce, mai kai biyu, tsaye a bayan wata gonar rake.

"A'a," in ji Hajiya bayan ta ƙura ido. "Wannan ta yi kusa da ruwa. Tamu tana kan ɗan tudu."

Ba a yi nisa ba ga wata, ita ma kai biyu. Can gaba ga wasu uku a jere. Abin da yarinya 'yar shekara bakwai ba ta sani ba shi ne kusan kowace goruba haka take rabuwa, kuma gaɓar nan cike take da su. Duk wadda ta ɓullo sai tsohuwar ta miƙe zaune, ta riƙe kwalbar da hannu biyu, har ta wuce sannan ta koma ta jingina. A nan ne gaban Wejdan ya fara faɗuwa.

"Ummi," ta ce, "garin da aka binne Kaka, ya sunansa?"

"Ba gari ba ne, ƙauye ne. Amma Baba ya ce kusa da Kosti yake. Akwai gadar jirgin ƙasa. In kin ga gadar, to mun zo."

Wejdan ta sauka ɗaki ta rufe ƙofa, ta rubuta sunan a taswirar waya. Taswirar ta ja da baya, ta ƙara ja, Masar ta ƙanƙance ta koma sama, sannan alamar ta sauka can ƙasa a tsakiyar Sudan. Daga inda jirginsu zai tsaya zuwa wurin ya fi nisan Jidda zuwa Riyad. Ta zauna a bakin gado, ta ji kunya da tsoro sun rufe ta lokaci ɗaya. Duk shekarun nan kalma ɗaya ce tsakaninta da sanin wannan, ba ta taɓa tambaya ba.

Duk da haka ta je ta sami shugaban ma'aikatan jirgin, ko da akwai wata dabara. Ya saurare ta da ladabi, ya girgiza kai. A Aswan tafiya take ƙarewa, in ji shi. Gaba da nan madatsar ruwa ce ta tare kogin, bayanta tafki, bayan tafki Sudan, Sudan kuwa ana yaƙi, mutanenta ma gudowa suke yi. Ba wanda zai kai baƙo can, balle tsohuwa.

Ta kira Turki. Ta kwashe komai ta gaya masa.

"Na gaya miki," ya fara, sai kuma ya fasa. "Tayyib, shi ke nan. Ji nan. Idonta ba ya gani sosai. Ki nuna mata wata goruba ki ce ita ce. Ta zuba ruwanta, ta yi addu'a, ta dawo da farin ciki. Allah ya san niyyarta."

"In yi wa Ummi ƙarya a kan kabarin uwarta?"

"Ke kika kai ta, ya Wejdan. Ko ki yi wannan, ko ki dawo mana da ita a karye. Zaɓi ɗaya."

Maganar ta yi mata zafi don ta san akwai gaskiya a ciki. Ta wuni tana juya ta. Ta zauna kusa da uwar tana taya ta duban gaɓa, tana cewa "ba ita ba ce" ga itatuwan da ta san ba za su taɓa zama ita ba. Hajiya kuwa bakinta ya buɗe kamar a ƙofar gidan Karantina. Ta ba ta labarin yadda Inna take daka da waƙa, da yadda take tsoron raƙumi, da wani zane mai ratsin shuɗi da aka rufe ta da shi don ba a sami farin yadi ba a ƙauyen. Wejdan ba ta taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba, ko kuma an faɗa ba ta saurara ba. Wannan karon ta saurara, kowace kalma tana sukarta.

Kashegari da la'asar jirgin ya tsaya a wani ƙaramin ƙauye don baƙi su miƙe ƙafa. Kamar da gangan, ga maƙabarta a kan ɗan tudu, ga goruba mai kai biyu a gefenta ita kaɗai. Hajiya ta miƙe tsaye ba tare da an kama ta ba. Ta lalubo hannun 'yarta.

"Wejdan. Tudu ne nake gani? Duba mini da idonki mai kyau. Nan ne?"

Abin da ya rage kawai Wejdan ta ce e. Ma'aikatan za su ɗauki tsohuwar a kujera su haura da ita, a zuba ruwa, a raba dabino, a koma Jidda a kira maƙwabta a ba su labari. Ta buɗe baki. Sai ta dubi hannun da ke riƙe da kwalbar, da lallen da aka ƙunsa don wannan rana, ta tuna kabarin wani ne daban a can, uwar wasu ko ɗan wasu. Ta kasa.

"Ba nan ba ne, Ummi. Babu gada. Yana gaba."

Hajiya ta saki numfashi ta koma ta zauna. "Haka ne. Babu gada. Allah ya yi miki albarka, da na yi kuskure."

Wannan albarkar ta fi zagi ciwo. Wejdan ta juya fuska wajen ruwa don kada a ga hawayenta. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi gaskiya ba, ta dai ƙara wa tsohuwar kwana ɗaya na sa rai.

Suka iso Aswan da safe. Aka naɗe zanen jirgin, aka ɗaure igiya, ma'aikata suka fara fito da akwatuna. Turawan suna ta musabaha da ɗaukar hoto. Hajiya tana zaune a gaban jirgin a wurinta, ta ga ana ta sauka.

"Su waɗannan a nan za su tsaya? To Allah ya kiyaye. Mu yaushe za a tashi?"

Wejdan ta durƙusa a gabanta. Ta ji a ranta cewa wannan magana ba ta Larabci ba ce, don haka ta tattaro 'yar Hausarta, tana tuntuɓe.

"Ummi, jirgi ya ƙare a nan. Ba ya wucewa. An toshe kogin a gaba. Wajen Kaka yana da nisa, nisa sosai, a Sudan, kuma ana yaƙi. Ban sani ba lokacin da na ce miki. Ban tambaya ba. Na sani tun shekaranjiya, na ji tsoro in faɗa. Ki yafe mini."

Hajiya ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, Wejdan kuwa ta fi son a yi mata faɗan. Tsohuwar ta dube ta kawai, ta daɗe tana dubanta.

"Ke kika ce har wajen Kaka."

"Na ce."

"Na yi sallama da mutane."

"Na sani, Ummi."

Wani ma'aikaci ya hau zai ɗauki kujera, ya ga fuskokinsu, ya juya ya sauka. Hajiya ta mai da idonta kan kogin. Wani ganyen rake yana tafe a kan ruwa, ya zo ta gaban jirgin, ya bi gefensa, ya wuce baya. Ta bi shi da kallo har ya ɓace mata.

"Duk kwanakin nan na lura," ta ce a hankali, "ruwan daga gaba yake zuwar mana. Daga wajenta yake zuwa ke nan?"

"Daga can yake zuwa."

"To in na zuba Zamzam a nan, baya zai yi. Ba zai je mata ba."

"Ba zai je ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin abin da ta riga ta san ya fi ƙarfinta. Ta kwance farin ƙyallen, ta buɗe kwalbar, ta yi bisimilla ta sha, ta ce Allah ya kai ladan ga Inna. Ta miƙa wa Wejdan ta ce ta shanye sauran. Wejdan ta sha tana kuka, ruwan yana sarƙe ta.

"Kama ni mu sauka," in ji Hajiya.

A gefen jirgin akwai ɗan matakala da ya kai har fuskar ruwa. Gwiwar Hajiya ba ta lanƙwasuwa, amma ta ƙi yarda kowa ya karɓar mata. Wejdan ta rungume ta ta baya, ma'aikata biyu suka riƙe Wejdan, tsohuwar ta sunkuya ta nutsa kwalbar har ta daina ƙugi. Ta ɗago ta, ta rufe, ta share da gefen mayafi.

"Wannan ya wuce ta gabanta," ta ce. "Tunda na kasa kai mata, sai in tafi da ita. Ita ma ai Makka ta nufa."

Suka dawo Jidda. Turki ya tare su a filin jirgi, ya dubi fuskar ƙanwarsa, ya karɓi akwatunansu ya sa a mota. Kwalbar ta koma wurinta a kan kabad. Tsofaffin maƙwabta suka yi ta kira suna tambaya ko ta ga kabarin, Hajiya takan ce musu, "Ban kai ba. Hanya ba ta buɗe ba." Ko sau ɗaya ba ta ce laifin wance ne ba. Wejdan tana jin haka daga kicin, ta gwammace a ce an ambaci sunanta.

Shirun ya dawo, amma ba kamar na da ba. Yanzu in Wejdan ta dawo daga aiki takan ajiye waya a ɗaki ta zo ta zauna a ƙasa ta yi tambaya. Wane gari kuka taso? Wa ya wanke Kaka? Gadar tana hannun dama ko hagu? Wata rana Hajiya ta amsa da tsawo, wata rana ta ce ta gaji. Kullum dai tana cewa da zarar gwiwarta ta huta za su yi umara, ta riƙe kwalbar a hannu ta yi ɗawafi da ita, Inna ta ga Ɗakin Allah. Wejdan ta ce ko a keken guragu ne sai su je wannan Juma'ar. Hajiya ta ce a'a, da ƙafarta take so, yadda Inna ta taho.

Gwiwar ba ta huta ba. Da sanyi ya shigo sai tari ya kama ta, aka kwantar da ita a asibitin da Wejdan take aiki, jininta ma ta hannun 'yarta ya bi. Wata ranar Talata bayan la'asar ta cika, Wejdan tana riƙe da hannunta, sauran jan lallen tafiyar yana nan a bakin farcenta.

Turki ya yi ƙoƙari aka kai ta Makka, aka yi mata salla a Harami, aka wuce da ita maƙabarta. A nan mata ba sa shiga, don haka a bakin ƙofa Wejdan ta tsaya tare da sauran matan. Da maza suka ɗauki makara za su wuce, ta ja hannun rigar yayanta ta ba shi farin ƙyallen.

"In an gama rufewa, wannan za ka yayyafa. Kada ka haɗa shi da wani ruwa."

"Zamzam ne?"

"Na Kaka ne."

Ya karɓa ya shiga. Ta tsaya a rana tana kallon bango, ba ta ganin komai sai kawunan mutane can nesa. Ba ta ga an zuba ba. Ta dai san a yau ruwan da ya wuce ta gaban Sajida ya sauka a ƙasar Makka, kuma a kan 'yarta ya sauka. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko a asibiti, har wata tsohuwar maƙwabciyarsu ta Karantina ta riƙe ta tana cewa ta yi haƙuri.

Da Turki ya fito idonsa ja, ya miƙa mata kwalbar ba komai a ciki, ya ce ko a bar ta a nan tunda ta gama aikinta. Wejdan ta karɓe ta ta naɗe. A hanyar fita gari ta ce ya tsaya a wurin da ake ɗibar Zamzam. Ya ce akwai jarka cike a gida, ga mutane suna jiran su a wajen zaman makoki. Ta ce ya tsaya dai.

Ta bi layi, ta ɗauraye kwalbar, ta cika ta har wuya. Da ta dawo mota ta ɗora ta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Turki ya dube ta, ya dubi kwalbar.

"Wannan kuma na wa?"

"Ƙauye ne kusa da Kosti," ta ce da Hausa. "Akwai gadar jirgin ƙasa, akwai goruba a kan tudu. Ka riƙe sunan kai ma, ko da ni ban kai ba."

Turki ya tayar da mota suka kama hanyar Jidda.